Talo-talo da Abin Shansa: Tarihin Wata Tambaya a Teburin Amurkawa

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, jaridun Amurka da mujallunsu na girke-girke sukan dawo da tambaya guda: wace irin giyar inabi ce ta dace da gasasshen talo-talo? Dalili kuwa shi ne Alhamis ta huɗu a watan ita ce Ranar Godiya, bikin da iyali ke taruwa su ci abinci tare, har wanda ke nesa ya hau jirgi ya dawo gida. Ƙungiyar masu kiwon talo-talo ta ƙasar ta taɓa ƙiyasta cewa ana cin wajen miliyan 46 saboda wannan rana kaɗai. Amsar da masana ke bayarwa kusan ba ta canzawa: jar giya mai sauƙi irin Pinot Noir ko Beaujolais, ko fara mai ɗan tsami irin Riesling, ko kuma Zinfandel, wadda aka daɗe ana yi wa kirari da 'yar asalin Amurka.

Akasarin masu karanta wannan ba ruwansu da giya, addini ya raba su da ita, kuma ba kiran kowa gare ta ake yi ba. Abin da ya sa labarin ya isa a bi shi ne yadda ake faɗin wannan amsa kamar gadon kaka da kakanni, alhali kuwa in aka bi diddiginta, ba ta girmi iyayenmu ba. Cikin shekara 400, abin da ke cikin kofin da ke gefen talo-talo ya sauya sau da dama, kuma kowane sauyi da abin da ya jawo shi: wani lokaci ƙwaron da ke cin saiwar inabi, wani lokaci mai wa'azi, wani lokaci majalisar dokoki ko ɗan kasuwa.

Tsuntsu mai sunan aro

Mutanen Meziko ne suka fara kiwon talo-talo, ƙarnoni da yawa kafin wani Bature ya taka ƙasarsu. Sifaniyawa suka ɗauke shi zuwa Turai a farkon ƙarni na 16, ya bazu cikin sauri. Zuwa 1541 ya isa Ingila, har shugaban cocin ƙasar, Thomas Cranmer, ya sa shi cikin jerin manyan tsuntsayen da ya iyakance wa malaman coci ci a liyafa.

Kowa ya kira shi da sunan ƙasar da yake zaton daga can ya fito. Faransawa suka jingina shi ga Indiya, Turkawa ma haka, mutanen Fotugal suka kira shi Peru, Larabawa da yawa suka ce zakaran Rum. Ingilishi kuwa suka ce ɗan Turkiyya ne, kuma bayanin da aka fi karɓa ya biyo ta kan zabonmu. Zabi 'yan Afirka ne, suna isa Ingila ta hannun fataken da ke kasuwanci da daular Turkawa, sai aka riƙa kiransu kajin Turkiyya. Da baƙon Meziko ya zo aka rikita su, sunan ya koma kansa ya zauna. Mu dai mun huta da wannan rigima, muka ba shi sunan da ya yi kama da kukansa.

1621: biki babu kwalba

Labarin da ake koya wa yaran Amurka ya fara ne a Plymouth, a gaɓar da ake kira Massachusetts yanzu. Mutum 102 jirgin Mayflower ya ɗebo daga Ingila a 1620, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Da kakar 1621 waɗanda suka rayu suka yi bikin girbi na kwana uku, sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutanensa wajen 90. Ɗaya daga cikin baƙin, Edward Winslow, ya ba da labarin a wasiƙar da ya aika gida. Ya ce an tura mutum huɗu farautar tsuntsaye, kuma Wampanoag sun kawo barewa biyar. Bai faɗi irin tsuntsayen ba. Gwamnansu, William Bradford, shi ne ya ambaci yawan talo-talon daji a wannan kaka, a wani rubutu dabam.

Winslow ya yaba inabin da ya gani yana fitowa da kansa a jeji, amma bai ambaci giyar inabi a wurin bikin ba. Abin shan Baturen Ingila na wancan zamani giyar sha'ir ce, kuma tun suna cikin jirgi guzurinta ya ja baya, har hakan na cikin dalilan da suka sa aka gaggauta sauke su. Su kuwa jikokin Massasoit, ba da daɗi suke tuna abin da ya biyo baya ba. Tun 1970 'yan asalin yankin ke taruwa a Plymouth a Ranar Godiya, suna kiranta ranar makoki.

Ba don rashin ƙoƙari aka rasa giyar inabi ba. A 1619 majalisar Virginia ta wajabta wa kowane magidanci ya dasa inabi goma. Aka yi ta kawo irin Turai ana dasawa yana mutuwa, ba wanda ya san dalili. Thomas Jefferson, shugaban ƙasa na uku, ya shafe shekaru yana gwadawa a gonarsa ta Monticello, bai ci nasara ba. Sai daga baya aka gane cewa, ban da sanyi da cututtukan ganye, akwai wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera da ke tsotsar saiwa. Inabin daji na Amurka ya saba da shi, na Turai kuwa ba ya jurewa.

Saboda haka masu hali suka koma ga giyar Madeira, wani tsibirin Fotugal da ke yamma da Maroko. Ana ƙara mata barasa mai ƙarfi, don haka zafin doguwar tafiyar teku ba ya lalata ta, kuma dokar Ingila ta 1663 ta yarda a kai ta Amurka kai tsaye. Talaka da manomi kuma giyar tuffa suke sha, domin itacen tuffa ya karɓi ƙasar ba tare da gardama ba. Kusan shekara 200 haka teburin yake.

Matar da ta shimfiɗa teburin

Idan akwai mutum ɗaya da za a ce shi ya tsara Ranar Godiya yadda aka san ta yau, to Sarah Josepha Hale ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta kama alƙalami don ta ciyar da su. A littafinta Northwood, wanda ya fara fitowa a 1827, ta kwatanta liyafar Godiya a gidan wani manomi mai rufin asiri, ta ɗora gasasshen talo-talo a wurin girma na teburin. Abin sha kuwa na gida ne: giyar 'ya'yan itacen lambu, da ta tuffa, da lemon citta mai kumfa. Ta nuna ƙarara cewa babu giyar waje kuma babu barasa mai ƙarfi, domin maigidan mutum ne mai kamun kai. Wato a rubutun da ya kafa wannan teburi, rashin giyar Faransa abin alfahari ne.

Daga 1837 Hale ta zama editar Godey's Lady's Book, mujallar mata mafi yaɗuwa a ƙasar kafin yaƙin basasa, ta riƙe ta shekara 40. Ta yi ta rubuta wa gwamnoni da shugabannin ƙasa tana roƙon a mai da bikin na ƙasa baki ɗaya. A tsakiyar wannan lokaci, a 1841, wani malamin coci a Boston mai suna Alexander Young ya sake buga wasiƙar Winslow, ya ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi cewa wannan ita ce Ranar Godiya ta farko. Da haka bikin ya sami asalin da zai jingina da shi, shekara 220 bayan faruwar abin. A watan Satumban 1863 Hale ta rubuta wa Abraham Lincoln. Ranar 3 ga Oktoba, ana tsakiyar yaƙi, wata uku bayan zubar da jinin Gettysburg, ya ayyana Alhamis ta ƙarshen Nuwamba a matsayin Ranar Godiya.

Lokacin da aka kore kwalbar

Bikin ya girma ne tare da ƙungiyoyin yaƙi da shaye-shaye, waɗanda mata da malaman coci ke jagoranta, kuma sun san abin da suke magana a kai, domin barasa ta rusa gidaje da yawa. A 1869 wani likitan haƙori a garin Vineland na New Jersey, Thomas Welch, mabiyin ɗariƙar Methodist, ya damu da ganin giya a ibadar coci. Ya matse inabin Concord, wani irin Amurka da ƙwaron nan ba ya kashewa, ya zuba a kwalabe, ya dumama su bisa hanyar Louis Pasteur don yisti ya mutu kafin ya mai da sukari barasa. Ɗansa Charles ya mai da abin kasuwanci. Zuwa 1913 ruwan inabin ya kai matsayin da sakataren harkokin waje, William Jennings Bryan, ya ba da shi maimakon giya a liyafar da ya shirya wa jakadan Birtaniya.

Ranar 17 ga Janairun 1920 dokar hana yin barasa da sayar da ita ta fara aiki a duk faɗin Amurka, ba a janye ta ba sai 5 ga Disamban 1933. Dokar ta bar wata kafa: magidanci na iya matse 'ya'yan itace a gida har galan 200 a shekara. Nan da nan kuɗin inabi ya tashi. Manoman Kalifoniya suka riƙa cire iri masu daraja suna dasa masu kaurin fata, irin su Alicante Bouschet, waɗanda za su jure kwanaki a jirgin ƙasa zuwa New York da Chicago. Aka riƙa sayar da dunƙulen busasshen ruwan inabi kamar bulo, ɗauke da gargaɗin kada a jiƙa shi a bar shi kwanaki don zai zama giya. Kowa ya gane karatun.

Wasu kamfanoni kuma suka bi doka da gaske. Gidan Martinelli a Watsonville, wanda ke yin giyar tuffa tun 1868, ya koma ga ruwan tuffa mai kumfa marar barasa, kuma har gobe kwalbarsa na kan teburin Godiya. Da aka janye dokar, masana'antar giyar inabi ta dawo a gurgunce: gonaki cike da iri marasa kyau, gwanaye sun watse. Abin da ya fi sayuwa shi ne giya mai zaƙi mai ƙarfi mai araha, sai a ƙarshen shekarun 1960 giyar cin abinci ta wuce ta a kasuwa. Iyalin Amurka na 1950 sun fi kusa da ruwa, madara ko gahawa a wannan liyafa.

A wannan tsakani ne aka kuma taɓa ranar kanta. Nuwamban 1939 yana da Alhamis biyar, 'yan kasuwa suka koka cewa kwanakin cinikin Kirsimeti za su gajarta, sai Franklin Roosevelt ya dawo da bikin baya da mako guda. Jihohi suka rabu, wasu suka bi shi, wasu suka ƙi. A Disamban 1941 majalisa ta yanke: Alhamis ta huɗu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Matsalar da ke cikin faranti

Kafin a kai ga amsar zamani, ya kamata a fahimci abin da ya sa tambayar ke da wuya. Na farko, tsuntsun ya canza. Masu saye sun fi son farin naman ƙirji, masu kiwo kuma suka yi ta zaɓen irin da ƙirjinsa ya fi girma, har nauyinsa ya ninka fiye da sau biyu tun shekarun 1930. Talo-talon kasuwa na yau ya yi nauyin da ba ya iya barbara da kansa, sai an yi masa da hannu. Naman ƙirjin ba shi da kitse, kuma kafin zafin cikinsa ya kai digiri 74 da hukumomin lafiya ke so, sau da yawa ya bushe.

Jar giya mai nauyi tana da ɓauri, irin wanda ake ji a goro ko shayin da ya daɗe a kan wuta. Wannan ɓauri daga fatar inabi da ƙwayarsa yake fitowa, yana kama yawu ya bar baki a bushe. Nama mai maiƙo yana kwantar da shi, shi ya sa ake haɗa irin wannan giya da naman sa. Busasshen ƙirjin talo-talo kuwa ba shi da abin da zai tare shi.

Na biyu, talo-talo ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai romo mai maiƙo, da haɗin burodi da ganyayen ƙamshi da ake cusawa a cikinsa, da dankalin Hausa da aka ƙara wa sukari, da kuma miyar kiranberi, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami kamar zoɓo. Abinci mai zaƙi yakan sa giyar da ba ta da zaƙi ta yi ɗaci a baki. Don haka ake neman mai ƙarancin ɓauri, mai ƙamshin 'ya'yan itace, mai tsamin da zai wanke maiƙo. Duk wanda ya taɓa kora naman Sallah da zoɓo mai sanyi ko ruwan tsamiya ya riga ya san wannan ƙa'ida da harshensa.

Alhamis biyu

Ƙa'idar ta dace da giya iri-iri. Abin da ya zaɓi waɗanda suka yi suna shi ne kasuwa. A Faransa, arewa da birnin Lyon, akwai yankin Beaujolais inda ake noman inabin Gamay. Wannan iri ya taɓa shan wulaƙanci: a 1395 sarkin Burgundy, Philippe, ya ba da umarnin a tumɓuke shi daga ƙasarsa don kada ya zubar da darajar Pinot Noir. Manoman Beaujolais suna da al'adar yin wata giya ta gaggawa don murnar girbi. Sukan zuba inabi ba tare da an murƙushe shi ba a cikin tanki, ya fara tsimuwa daga cikin fatarsa, sai a sami giya mai ƙamshi marar ɓauri cikin mako shida zuwa takwas.

A 1951 hukuma ta yarda a riƙa sayar da ita da wuri, a 1967 aka tsayar da 15 ga Nuwamba. Wani dillali, Georges Duboeuf, ya mai da ranar fitowarta biki na duniya, da kwalabe masu zanen furanni da tseren kai su manyan birane. A 1985 aka sauya ranar zuwa Alhamis ta uku a Nuwamba, don kada ta riƙa faɗawa a ƙarshen mako kuma don ciniki ya zarce zuwa Asabar da Lahadi.

Mai rubuta manhajar kwamfuta zai ga abin nan take. Ranar Godiya na yawo tsakanin 22 da 28 ga wata, don haka a tsohon tsari tazarar kan kama daga kwana 7 zuwa 13. Amma Alhamis ta uku da ta huɗu, tazararsu kwana 7 ce cif a kowace shekara har abada. Dokar Washington ta 1941 da ta Faransa ta 1985, ba wadda aka yi don ɗaya, suka haɗu suka sa sabuwar kwalba mai araha ta cika kantunan Amurka daidai makon cefane. Giyar ta dace da talo-talo, babu musu, amma ba dominsa aka yi ta ba. Shaida kuwa ita ce ƙasar waje da ta fi sayenta shekaru da yawa Japan ce, inda babu wannan liyafa.

Amurkawa masu kishin ƙasa suka ce bikin Amurka sai giyar Amurka. Sun sami ƙarfin gwiwa tun ranar 24 ga Mayun 1976, lokacin da wani dillali ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasa a Paris, alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin suna ba, suka ba giyar Kalifoniya ta ɗaya a fara da ja. Aka ɗaga Zinfandel a matsayin 'yar gida, tunda ba a san ta da wannan suna a Turai ba. Shekara guda kafin gasar, a gidan Sutter Home, tsimuwar wani tanki ta tsaya kafin sukari ya ƙare, aka sami wata giya ruwan hoda mai zaƙi. Aka sayar da ita a haka, ta zama abin da miliyoyin Amurkawa suka fara sha a shekarun 1980, kuma zaƙinta ya zauna lafiya da miyar kiranberi.

Sai kimiyya ta shigo. Carole Meredith ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da masana biyu daga Zagreb, suka bi sawun ƙwayoyin halittar Zinfandel. A 2001 suka same ta a wata tsohuwar gona kusa da birnin Split na Kuroshiya, inda 'yan tsirarun itatuwa suka rage. Ita ce kuma Primitivo ta kudancin Italiya. 'Yar gidan ma baƙuwa ce, ta shigo ta New York a shekarun 1820. Pinot Noir kuwa, wani fim na 2004 mai suna Sideways, wanda jaruminsa ke yabonta yana kushe Merlot, shi ya ƙara tura ta gidajen talakawa.

Abin da ke kan teburin yau

In ka duba teburin Godiya a yau za ka ga tarihin nan a jere. Ga tsuntsun Meziko mai sunan Turkiyya wanda masu kiwo suka sāke wa siffa. Ga kwalbar Faransa da kalanda ta kawo, ga ta Kalifoniya mai asalin Kuroshiya. A gefensu kuma ga ruwan tuffa mai kumfa da ruwan inabi na yara da na manyan da ba sa sha, kuma waɗannan su ne suka fi kusa da abin da Sarah Hale ta so gani. Dabarar Welch ta yi tafiya mai nisa: kwalaben ruwan inabi marar barasa da ake jerawa a teburin biki a Kano da Abuja, masu toshiya da takardar gwal a wuya, daga wannan reshe suka fito.

A aikinmu akwai abin da muka lura da shi: saitin da mutum ya tarar a kan sabuwar waya, da wuya ya taɓa shi, har ya ɗauka haka abin yake tun asali, alhali wani ne ya zauna ya zaɓa, kuma yana da dalilinsa. Al'adar tebur ma haka take tafiya. Yaron da aka haifa a Ohio a 1990 ya tashi ya ga kwalba mai zanen furanni kusa da talo-talo kowane Nuwamba, zai rantse cewa haka kakanninsa suka yi. Kakarsa, in tana raye, za ta gaya masa cewa a gidan ubanta madara ake zuba wa yara, manya kuma su jira gahawa bayan an kwashe kwanuka.